Sirrin Tsohon Kan Sarki: Yadda Ake Gane Mai Daraja Daga Haƙori, Launi Da Tabon Ɗab'i

A shekarar 1904, lokacin da hedikwatar mulkin Arewacin Najeriya take Zungeru, gwamnatin Turawa ta fitar da wani kan sarki mai launin kore da ja, ɗauke da hoton Sarki Edward na Bakwai, aka sa masa farashin fam 25. Babu wasiƙar da za ta ci wannan kuɗi a wancan zamani. An tanade shi ne domin biyan kuɗin lasisin sayar da barasa, kuma kaɗan aka buga. A yau yana cikin waɗanda masu tara kan sarki suka fi nema daga yammacin Afirka, kuma idan ya fito kasuwar gwanjo a Landan, da dubban fam ake taya shi.

Wanda bai san kan abin ba, in aka jera masa wannan kan sarki da na kwabo ɗaya na wancan zamani, ba zai ga wani babban bambanci ba. Girmansu ɗaya, hoton sarkin ɗaya, adon gefe ɗaya, kamfanin da ya buga su ɗaya. Abin da ya raba su bai wuce launi da adadin da aka rubuta a ƙasa ba. A wasu lokutan ma launi da adadin duk ɗaya ne, amma guda ya fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba, saboda wata alama da ke ɓoye cikin takarda, ko yawan haƙoran gefe, ko wani ɗan tabo da ido ba ya kamawa sai da madubin ƙara girma.

Wannan ilimi yana da amfani ga duk wanda ya gaji akwatin takardun mahaifi ko kaka, musamman 'ya'yan tsoffin ma'aikatan gwamnati da na En'e da na jirgin ƙasa. Tsufa kaɗai ba ya sa kan sarki tsada, domin yawancin tsoffin an buga su da yawan gaske. Mai akwatin da bai san haka ba, ko dai ya ƙone abin da ya kamata a adana, ko ya sallama shi a banza, ko kuma a sayar masa da jabu da sunan abin tarihi. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ƙasa ɗaya, suna iri-iri

Kan sarki na farko a duniya ya fara aiki a Ingila a watan Mayun 1840, baƙi ne na kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Al'adar sa kan mai mulki a jikinsa ta biyo Turawa har ƙasar nan, daga nan kuma Bahaushe ya raɗa masa suna.

Matakin farko na tantancewa shi ne karanta sunan ƙasa, domin kafin 1914 yankunan da suka haɗu suka zama Najeriya kowanne da nasa. Legas ta fara amfani da nata a 1874. A 1892 yankin gaɓar teku da ake kira Oil Rivers ya karɓi kan sarkin Ingila da aka buga wa sunan yankin a kai, daga baya aka sauya sunan zuwa Niger Coast. Arewacin Najeriya ta samu nata a 1900, Kudancin Najeriya a 1901. Bayan haɗewar Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914, kan sarki mai ɗauke da sunan Najeriya kaɗai ya fito a watan Yunin shekarar.

Kafin 1900, a yankunan da Kamfanin Royal Niger ke iko da su, da kan sarkin Ingila zalla ake aika wasiƙa. Babu abin da ke nuna cewa daga nan aka aiko shi sai hatimin kamfanin na Akassa ko Burutu ko Lakwaja. Kan sarkin Ingila na kwabo na wancan lokaci yana da arha ƙwarai saboda yawansa, amma wanda hatimin Lakwaja ya hau kansa ya zama shaidar tarihi. A nan darajar tana ga hatimin ne.

A Tsohuwar Kalaba kuwa, a shekarar 1893, ƙananan kan sarki sun yanke wa gidan waya, sai ma'aikata suka riƙa buga sabon farashi da hannu a kan waɗanda ke ƙasa, da tawada kala-kala da salon haruffa daban-daban. Wasu ma an raba su gida biyu, kowane rabi ya biya rabin kuɗi. Waɗannan na wucin-gadi suna cikin mafi wuyar samu a tarihin gidan wayar ƙasar nan, kuma saboda haka suna cikin waɗanda 'yan jabu suka fi kwaikwayo.

Alamar da ke cikin takarda

Malaman da suka saba da tsoffin littattafan ajami da na Larabci sun san cewa idan aka ɗaga wasu takardu zuwa haske ana ganin jinjirin wata uku a cikinsu, alamar masaƙar takarda ta ƙasar Italiya. Irin wannan alama ce ake sa wa takardar kan sarki tun tana ɗanya a masana'anta, domin ta yi wa masu jabu wuya.

A ƙasashen da Ingila ta mallaka, alamar ta sauya sau da dama, kuma kowane sauyi yana nuna zamanin bugu. Kan sarkin Legas na 1874 yana da kambi da haruffan CC. Daga 1882 aka koma kambi da CA, guda ɗaya a kan kowane kan sarki. Daga 1904 aka ƙanƙantar da alamar aka watsa ta ko'ina a takardar, ta yadda gutsattsarin kambi da haruffa da yawa ke faɗowa a kan kowane guda. A 1921 aka sake salon haruffan suka koma masu lanƙwasa irin na rubutun hannu.

Ga misali daga Arewa. Kan sarkin Edward na Bakwai na 1902 da wanda ya biyo baya a 1905 kamarsu ɗaya ta fuska. Na farko yana da kambi guda, na biyu yana da kambi barkatai. Duk wanda bai juya bayansu ba zai ɗauka abu ɗaya ne, alhali littattafan farashi sun ba kowanne lambarsa da kuɗinsa. Haka kuma na Sarki Joji na Biyar mai sunan Najeriya: na 1914 da na 1921 alamar takarda ce ta raba su.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. A kifa kan sarkin a kan wani abu baƙi mai santsi, ko a ɗaga shi zuwa hasken taga. Idan alamar ta ƙi fitowa, masu sana'ar na ɗiga masa wani ruwa na musamman mai saurin bushewa, wanda ba ya taɓa ƙaron baya. A kuma tuna cewa daga baya ake kallo, don haka haruffan za su fito a juye kamar a madubi. Wannan ba kuskure ba ne. Kuskure shi ne a ga kambin ya yi ƙasa da kai alhali hoton sarki yana tsaye daidai, ko ya kwanta a gefe inda ya kamata ya tsaya. Hakan na faruwa idan ma'aikacin maɗaba'a ya zura takardar a juye, kuma irin wannan yakan fi na yau da kullum tsada.

Ƙidayar haƙora

Ƴan tsinin da ke kewaye da kan sarki, waɗanda ake samu bayan an yage shi ta layin huda, su ake kira haƙora. Wani likita ɗan Faransa mai suna Jacques Legrand ne ya fito da tsarin ƙidayarsu a 1866, kuma har yau shi ake bi: ana ƙirga yawan hudar da ke cikin tsawon santimita biyu. Idan aka ce haƙorin kan sarki 14 ne, ana nufin huda goma sha huɗu a santimita biyu. Idan aka ba da lamba biyu, ta farko ta sama da ƙasa ce, ta biyu ta gefe da gefe. Akwai ɗan ma'auni na roba ko na kwali da ake ɗora kan sarki a kai, a riƙa matsawa har haƙoran su dace da layukan.

Na Legas na 1874 haƙorinsa 12½ ne, na 1876 kuwa 14, hoto da alamar takarda duk ɗaya. A jerin 1936 na Sarki Joji na Biyar, wanda ya nuna hasumiyar Gobarau ta Katsina a kan na sisi da shanun Fulani a kan na sule, ƙananan an huda su 11½ da 13. To amma akwai na ahu da na taro da suka fito da 12½ da 13½, kuma waɗannan ba su da yawa. A jerin Sarki Joji na Shida da ya fara a 1938, na sule biyu da sisi da na sule biyar an sake buga su sau da dama cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, haƙoransu suka riƙa sauyawa tsakanin bugu da bugu. Ma'auni kaɗai ke faɗin wanne ne a hannu.

Akwai tarko a nan. Wani yakan sa almakashi ya aske haƙoran kan sarki mai faɗin gefe, ya ce an manta ba a huda shi ba. Shi ya sa masana ba sa yarda da maras haƙori sai ya zo su biyu a manne, babu huda a tsakaninsu. Wani kuma yakan sake huda gefen da ya lalace. Irin wannan yakan tona kansa, domin kan sarkin yakan ɗan fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, ramukan kuma ba su cika dacewa da na ɗaya gefen ba.

Farantin bugu da tabonsa

Kamfanin De La Rue na Landan, wanda ya buga yawancin kan sarkin ƙasar nan na farko, ya yi amfani da wata dabara ta rage kashe kuɗi. Faranti ɗaya ne ke buga hoton sarki da adon kewaye ga ƙasashe da dama, sannan a sake zura takardar a buga sunan ƙasa da farashi da wani farantin daban. Shi ya sa kan sarkin Arewacin Najeriya ya yi kama da na Saliyo da na Gold Coast, wato Ghana ta yau. Shi ya sa kuma a kan ga suna da farashi sun ɗan goce daga tsakiyar gurbinsu. Ɗan gocewa irin wannan ruwan dare ne, ba ya ƙara daraja.

Abin da ke ƙara daraja shi ne tabo mai maimaituwa. Idan faranti ya sami rauni a wani gurbi, kowace takardar da aka buga da shi za ta fito da wannan rauni a daidai wannan gurbi, har ranar da aka gyara shi. Masana sun bi diddigin irin waɗannan sun rubuta layi da gurbin da kowanne yake. Ɗigon tawada da ya faɗa sau ɗaya, ko ƙurar da ta hau faranti ta bar ɗan farin zobe, abin sha'awa ne kawai, domin babu na biyunsa da za a gwada shi da shi.

Sanannen misali shi ne na bikin cikar Sarki Joji na Biyar shekara 25 a kan gado, a 1935. Yawancin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila sun sami hoto ɗaya na fadar Windsor, amma kamfanoni uku suka raba aikin bugawa. A waɗanda kamfanin Bradbury Wilkinson ya buga, ciki har da na Gambiya da Saliyo da Gold Coast, akwai gurbin da wani ɗan layi ya fito a saman ginin kamar ƙarin sandar tuta. Na Najeriya kuwa kamfanin Waterlow ne ya buga shi da nasa farantan, masu nasu tabon daban. Saboda haka duk wanda ya kawo na Najeriya mai ƙarin sandar tuta irin ta Gambiya, da alƙalami aka zana ta.

Wani lokaci kuma ainihin zanen da ake ƙera faranti daga gare shi ake sabuntawa. Hoton Joji na Biyar na bai-ɗaya yana da zubi biyu, kuma dukkansu sun fito a kan sarkin Najeriya. A zubi na farko, layi mai kauri da ke ƙarƙashin sunan ƙasa an yanke shi a karkace a gefen kambi, kuma akwai ɗan toho a jikin adon da ke kusurwoyin ƙasa. A zubi na biyu yankan a tsaye yake, tohon kuma babu shi. Da madubi mai ninka girma sau goma ana ganin wannan cikin daƙiƙa kaɗan.

Launin asali da launin wahala

Launi ya fi komai ruɗar sabon shiga. Akwai sauyin da hukuma ta yi da gangan. A jerin 1938, na kwabo huɗu ya fara fitowa da ruwan lemo, a 1944 aka mayar da shi shuɗi, na taro kuma ya tashi daga shuɗi ya koma baƙi. Na kwabo huɗu mai ruwan lemo wanda ba a yi amfani da shi ba ya fi shuɗin wuyar samu. A jerin Sarauniya Elizabeth na 1953, wanda ya nuna mahayan Barno a kan na kwabo, gyaɗa a kan na ahu da gadar Jebba a kan na taro, na kwabo biyu mai hoton haƙar kuza ya fara da launi biyu, daga baya aka koma buga shi da launi guda.

Akwai kuma sauyin da yanayi ya jawo, wanda lalacewa ce. Rana tana kashe ja da ruwan hoda da shunayya. Wasu tawadoji masu ruwan lemo sukan yi duhu su koma ruwan ƙasa idan sun daɗe cikin gurɓatacciyar iska. Laimar damina tana sa ƙaron baya ya yi ja, tana kuma haifar da ɗigo-ɗigo masu kama da tsatsa. Kan sarkin da ya shekara hamsin a ɗakin kwano ba ya fita da launin da ya shiga da shi, kuma mai shi yakan ɗauka ya tsinci launin da babu irinsa.

De La Rue ya ƙara wani abu da ya kamata a kiyaye. Domin hana mutane wanke hatimi su sake amfani da kan sarki, kamfanin ya yi aiki da tawada mai zuba, musamman kore da shunayya, kuma daga wajen 1905 ya riƙa shafa wa wasu takardu alli. Irin waɗannan in aka jiƙa su cikin ruwa domin a ɓamɓare su daga ambulan, hoton yakan dushe ko ya narke. Dubban kan sarkin zamanin Edward da Joji a kwanon ruwa suka mutu.

Bugun gida

Samun 'yancin kai bai kawo ƙarshen bambance-bambancen ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. Daga 1 ga Oktoban 1960, yankin Kamaru da ke ƙarƙashin riƙon Ingila ya yi amfani da jerin Najeriya na 1953 da aka buga wa CAMEROONS U.K.T.T. a kai. Arewacin yankin ya shigo Najeriya a watan Yunin 1961 ya zama Lardin Sardauna, don haka wasiƙar da ta fito daga can da wannan kan sarki ta faɗo ne cikin 'yan watanni ƙalilan.

A 1965 aka fara fitar da jerin namun daji da Maurice Fievet ya zana: zakanya da 'ya'yanta, giwaye, damisa, aku, gauraka, raƙumin dawa, dorina da ɓauna. Kamfanonin Turai ne suka fara bugawa, ciki har da Harrison na Ingila da Delrieu na Faransa. Daga 1969 kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu na Najeriya ya karɓi aikin, ya sa taƙaitaccen sunansa da ƙananan haruffa a gindin hoton. Wannan ɗan rubutu shi ke raba bugun Turai da na Legas.

Daga wannan jeri ne wani abu ya fito da ya shafi aikin gwamnati kai-tsaye. A 1968 an buga haruffan F.G.N. a kan wasu, da niyyar su zama na wasiƙun ofis. An fasa shirin, amma wasu sun kai kantar gidan waya a Legas an sayar wa jama'a. A wannan shekara kuma, cikin yaƙin basasa, ɓangaren Biyafara ya buga nasa suna a kan kan sarkin Najeriya da ya tarar a yankinsa. Duka biyun haruffa ne aka ɗora a kan abu mai arha, aikin da ƙaramar maɗaba'a za ta iya kwaikwaya, saboda haka ba a sayensu da tsada sai da shaida.

Da aka koma naira da kwabo a Janairun 1973, sabon jeri ya fito: dajin Yankari a kan na kwabo 10, bikin kamun kifi na Argungu a kan na kwabo 30, ginin tukwane a kan na kwabo 50, gadar Eko a kan na naira ɗaya. An buga wasunsu da hanyoyin ɗab'i biyu. A hanya ta farko, madubi yakan nuna gefen haruffa da tsini-tsini kamar bakin zarto, domin hoton duka ƙananan ɗigo ne. A ta biyu gefen haruffan sumul yake. Tsawon ɗan rubutun da ke gindi ma ya bambanta kaɗan. Bugun farko ba shi da alamar cikin takarda, na baya kuwa yana ɗauke da kalmar NIGERIA a cikinta. Kan sarki ɗaya na kwabo 10 yana iya zama iri uku.

A bugu mai launi da yawa, kowane launi da nasa zagayen, don haka akan sami wanda launi guda bai hau ba sam. Wannan kuskure ne na gaske idan launin ya ɓace ɗungum, ba dushewa ya yi ba. Sai dai a ƙasashe da dama takardun da maɗaba'a ta ware domin ƙonawa sukan sulale su shiga kasuwa, wasu babu huda, wasu launuka sun hau juna. Masana ba sa ba su matsayin kuskuren da aka saya a kantar gidan waya.

Abin da ke sa kuskure tsada

Labaran da ke jan mutane zuwa wannan sha'awa daga waje suka fito. A watan Mayun 1918 wani mutum mai suna William Robey ya sayi falle guda mai kan sarki 100 a birnin Washington na Amurka, hoton jirgin saman da ke tsakiya ya fito a kife. A 2023 an sayar da guda ɗaya daga cikinsu a kan kusan dala miliyan biyu. A Suwidin, wani kan sarki na 1855 da ya kamata ya fito kore ya fito rawaya, kuma har yau guda ɗaya tak aka sani.

Abubuwa uku suka haɗu a kansu: ƙarancinsu tabbatacce ne, an san hanyar da suka bi daga hannu zuwa hannu, kuma akwai masu kuɗi da ke nemansu. Idan ɗaya ya ɓace daga cikin ukun, farashi ya faɗi. Bayan haka sai lafiyar jiki. Haƙori guda da ya karye, ko lanƙwasa, ko wurin da takarda ta yi siriri saboda an ɓamɓare ta da ƙarfi, yana iya cinye yawancin darajar.

Kama da wane

Kama da wane ba ta wane. Jean de Sperati, wanda ya mutu a Faransa a 1957, yakan ɗauki kan sarki mai arha na gaske, ya wanke hotonsa da magani, ya bar takarda da alamar cikinta da haƙora da hatimi, sannan ya buga hoton mai tsada a kai. Manyan kan sarkin Legas na zamanin Biktoriya suna cikin waɗanda ya yi wa haka. Wanda ya tsaya ga duba alamar takarda da haƙora kaɗai, aikin Sperati zai wuce shi.

Wata dabarar ta fi kusa da gida. Yawancin kan sarkin zamanin Turawa suna ɗauke da rubutun POSTAGE & REVENUE, ma'ana suna aiki a gidan waya da kuma kan rasiɗi da yarjejeniya da takardun kotu. Manyan sun fi ƙarewa a kan takardun ofis, inda akawu ke soke su da alƙalami ko hatimin ma'aikata. Irin waɗannan ba su kai wanda ya yi tafiya a kan wasiƙa daraja ba, sai 'yan damfara su goge sa hannun su ɗora hatimin gidan waya na ƙarya. Fitila mai hasken shunayya, irin wadda bankuna ke duba kuɗi da ita, takan nuna sawun tawadar da aka goge.

A shekarun 1990 kuma jabun kan sarkin naira ya yawaita a kan wasiƙun 'yan 419 da ake turawa ƙasashen waje, har hukumomin gidan waya na can suka riƙa tsare su. Waɗannan an yi su ne domin cutar gidan waya, ba masu tarawa ba. Sukan fito da hoto dishi-dishi da huda marar tsari, kuma a yau akwai masu tara su a matsayin wani babi na tarihi, da sharaɗin a kira su da sunansu.

Idan abu ya yi kama da mai tsada, hanya ita ce a gwada shi da littafin farashi irin na Stanley Gibbons, sannan a nemi takardar shaida daga kwamitin ƙwararru, kamar na ƙungiyar Royal Philatelic Society ta Landan, wadda aka kafa a 1869. Akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle, mai mujallar Cameo, wadda ta keɓe kanta ga tarihin gidan waya na wannan yanki. Farashin da ke cikin littafi na mai cikakkiyar lafiya ne a hannun dillali, kuma abin da mai sayarwa ke karɓa yakan gaza haka sosai.

Ambulan da fayil

Ga ma'aikacin gwamnati akwai iyaka da ya kamata a sani. Tun da aka dawo da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja a Disambar 1991, tsoffin fayiloli sun yi ta yawo daga sito zuwa sito, kuma a cikinsu akwai ambulan da rasiɗai masu kan sarki. Waɗannan dukiyar hukuma ce. Dokar 1992 ta ɗora alhakin adana takardun tarihin gwamnati a kan Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, mai manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Wanda ya yage kan sarki daga takardar fayil ya lalata shaida, ya kuma ɗauki abin da ba nasa ba. Abin da ya dace shi ne ya sanar da jami'in da ke kula da rajista domin a miƙa fayil ɗin inda doka ta ce.

Na gida kuwa, ƙa'ida ta farko ita ce kada a raba kan sarki da ambulansa. Ambulan cikakke yana ɗauke da kwanan wata, da garin da aka aiko shi, da kuɗin da aka biya, da hatimin garuruwan da ya ratsa, wani lokaci har da tambarin masu tace wasiƙu na lokacin yaƙi. Hatimin ƙaramin gidan waya na ƙauye, ko na taragon wasiƙu na jirgin ƙasa, yakan fi kan sarkin da ke ƙarƙashinsa wuyar samu.

Ba a kama kan sarki da yatsa, saboda gumi da maiƙo, sai da hantsaki mai faffaɗan baki. Ba a manna shi da gam ko salatif, ba a kuma rufe shi cikin roba mai zafi irin ta katin shaida, domin ba ya fitowa da rai. A ajiye shi cikin littafi mai aljihuna, a tsayar da littafin kamar yadda ake jera littattafai a kanta, nesa da rana da bango mai laima, a kuma riƙa buɗe shi ya sha iska idan damina ta kankama.

Tsarin dubawa da masana ke bi a jere yake: sunan ƙasa da hoton mai mulki, sai farashi da launi, sai alamar cikin takarda, sai haƙora, sai zubi da tabon faranti, sai hatimi, daga ƙarshe lafiyar jiki. Kayan aikin ba su wuce madubi da hantsaki da ma'aunin haƙora da ɗan baƙin faranti ba. A cikin ɗari da aka duba ta wannan hanya, yawanci za su fito na yau da kullum, kuma mai su zai san hakan da hujja kafin wani ya faɗa masa. Sauran kaɗan ɗin, kamar na taro na 1936 mai haƙori 12½ da 13½, ko ambulan mai hatimin Zungeru, su ne za a ware a rubuta inda aka same su da sunan wanda aka aika wa, a kai wa ƙwararre kafin a yi maganar kuɗi.